Kwana Huɗu a Shenzhen Ina Farautar Murya

Abin da ya kai ni ƙasar Sin ya faro ne daga zauren wani tsohon maƙeri, a wani ƙauye gabas da Kano. Awa biyu na yi ina ɗaukar hirarsa. Ya ba ni labarin yadda kakanninsa suke narka tama, da yadda ake gane ƙarfen kirki daga ƙarar da yake yi a kan uwar maƙera. Hoto ya fito tar, hasken hantsi ya sauka a gefen fuskarsa, har furfurar gemunsa kana iya ƙirgawa. Da na koma gida na sa abin kunne, sai gabana ya faɗi. Rabin maganar babu. Wani wuri shiru, wani wuri ƙarar rigarsa, wani wuri kuma tsuwwa kamar ta gyare. Na ce zan koma bayan damina. Kafin kaka Allah ya yi masa rasuwa. Hoton yana nan a kwamfutata har yau, bakin dattijo yana motsi, abin da ya faɗa kuwa ya tafi da shi.

Tun daga ranar na daina ɗaukar makirufo a matsayin ɗan rakiyar kyamara. Mu masu harkar bidiyo a Arewa, tun daga zamanin Turmin Danya a 1990 har zuwa finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube yanzu, kuɗinmu a ido yake ƙarewa. Furodusa zai yi hayar kyamara mai tsada da fitilu da jirgi mai ɗaukar hoto daga sama, in aka zo kan sauti sai a ce a lallaɓa, a gyara wajen tacewa. Alhali mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da murya ta shaƙe sai ya wuce gaba. Ga shi kuma mu mutanen rediyo ne tun asali, da kunne Bahaushe ya saba karɓar labari.

Don haka da yayan wani abokina, wani Alhaji ɗan kasuwa a Kantin Kwari wanda ya daɗe yana zirga-zirgar Guangzhou, ya ce in biyo shi wannan karon, ban tsaya dogon shawara ba. Muka bi ta Adis Ababa, muka sauka Guangzhou, muka yi kwana biyu a unguwar Xiaobei, inda za ka ji Hausa da Larabci da Faransanci a layi guda. Da Alhaji ya gama da masu yadi sai ya ce, "Malam, abin da kake nema ba a nan yake ba. Gobe da sassafe mu kama jirgin Shenzhen." Jirgin ƙasan yana tsala gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, cikin kamar rabin awa muka isa, ko shayin da na saya bai huce ba.

Mai aikin sauti da kunne yake shiga gari, kuma abin da ya fara kama ni a Shenzhen shi ne rashin hayaniya. Gari ne mai mutum sama da miliyan 17, wanda kafin a mayar da shi yankin tattalin arziki na musamman a 1980 ƙaramin garin kan iyaka ne da ƙauyuka da gonaki a maƙwabtan Hong Kong. Na tsaya a bakin titi mai layuka da yawa ina jiran kunnena ya cika, bai cika ba. Motocin bas ɗinsu duka na lantarki ne, tun ƙarshen 2017 aka kammala sauya su, a lokacin sun haura 16,000. Babur mai fetur ba ka ganinsa a tsakiyar gari. Hon sai jefi-jefi. Bas za ta tsaya a gabanka, abin da za ka ji kawai kukan taya da hucin ƙofa. Na ce wa Alhaji a nan mutum zai iya ɗaukar hira a bakin titi da tsakar rana. Ya yi dariya ya ce kowa da abin da yake gani a tafiya, shi tsabtar garin ce take burge shi.

Sai Huaqiangbei. Wanda ya san Farm Centre ko titin Beirut a Kano, to ya ɗauki waɗannan ya jera su ɗari, ya ɗora wasu bisa wasu, ya sa musu matakalar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki. Unguwa ce sukutum ta kayan lantarki a gundumar Futian. Dogon ginin SEG, mai hawa sama da 70, ƙananan benayensa duka kasuwa ce. Shago bai fi tebur guda ba, amma a kan teburin akwai abin da zai cika shago goma. Wani benen ƙwayoyin cikin na'ura kawai ake sayarwa, masu ƙanƙanta kamar ƙwayar gero, a naɗe cikin faifai dubu-dubu. Wani benen batura, wani igiyoyi, wani gilasan waya. Da yamma kuma akwai wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ƙarar salatif da ɗaruruwan mutane suke ja lokaci guda suna ɗaure kwalayen da za su tafi ko'ina a duniya. Na tsaya na naɗe ta a wayata, don ita ce muryar kasuwar.

A wani bene na kayan masu bidiyo muka tsaya gaban wata matashiya da ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta ce mini "laoban", wato maigida, haka suke kiran mai saye. Da manhajar fassara muka yi magana, ita ta faɗa wa wayarta, ni in faɗa wa tawa. Na nuna mata wani kwalin makirufo marar waya da aka rubuta ɗaruruwan mitoci a jikinsa, na ce wannan nake so. Ba ta miƙo mini ba. Ta tambaye ni wane irin aiki nake yi, a ɗaki ko a waje, mutum nawa ne suke magana, garinmu akwai iska, akwai zafi. Sannan ta ce, "Lambar jikin kwali a filin da babu kowa aka auna ta. Kai a filin da babu kowa kake aiki?" Ta fito da na'urori kala huɗu ta jera, ta jona mai karɓar ta farko a kyamarata, ta miƙo mini abin kunne mai rufe kunne ruf, ta ce in zauna.

Ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya hana kansa ciniki mai sauri don mai saye ya fahimci abin da yake saye ba sai ranar. Kusan awa uku muka yi, masu saye suna zuwa suna tafiya, ƙanenta yana sallamarsu.

Gwajin farko na shiru ne. Ta maƙala wa Alhaji mai aikawa, wato ɓangaren da ke ɗaukar murya, a gaban riga, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ta kai mu bayan wata ƙofa wajen matakala inda babu hayaniya, ta ce kada ya ce komai. Kowace na'ura tana da nata hucin, wani siririn "sss" da ke kwance ƙarƙashin murya. A kasuwa ba za ka ji shi ba, sai ka zauna tacewa da dare ya fito maka. Biyu daga cikin huɗun sun yi tsit yadda ake so, ɗaya kuwa, mai arha marar sanannen suna, tana huci kamar tayar da ƙusa ta huda. Ta kuma nuna mini wani abu da na daɗe ina kuskurensa: a rage ƙarfin ɗaukar sauti na kyamara sosai, a ƙara na mai karɓa, domin yawancin hucin daga cikin kyamara yake fitowa.

Sannan ta ce Alhaji ya yi tafiya cikin layin kasuwar yana ƙirga, ya fara da baya da baya yana fuskantarmu. Murya tana zuwa lafiya har ya yi nisa. Ta ɗaga masa hannu ya juya mana baya. Nan take ɗaya daga cikin na'urorin ta fara cin lambobi, sha bakwai ta zo, sha takwas ta ɓace, ashirin ta zo rabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan ƙananan na'urori a kan zangon gigahaz 2.4 suke aiki, zangon da ba ya buƙatar lasisi kusan ko'ina a duniya, shi ya sa suke da sauƙin sha'ani. Amma tsawon igiyar wannan zango santimita 12 ne da ɗoriya, ruwa yana shanye ta, jikin ɗan Adam kuwa yawancinsa ruwa ne. Mutum ya juya baya, ya zama katanga tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Ga shi kuma a wannan zangon ne Wi-Fi da Bluetooth suke cunkushe. A Huaqiangbei, inda kowane tebur yake da wayoyi da na'urori a kunne, babu wurin da ya fi shi wahala ga makirufo marar waya, saboda haka babu wurin da ya fi shi dacewa da gwaji. Wanda ya tsira a nan, zai tsira a ɗakin biki mai mutum ɗari biyar kowa da wayarsa a hannu.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai ni na kawo shi, ita kuma ta karɓe shi hannu bibbiyu. Kusan duk sababbin na'urorin suna da maɓallin rage hayaniya, ka danna sai ƙarar janareta ko ta fanka ta ja baya. Abu ne mai ban mamaki in ka fara ji. Amma na san harshenmu yana da haruffan da ɗan kaɗan ne ya raba su da 'yan'uwansu. Sai na ce Alhaji ya riƙa faɗin baki da baƙi, kasa da ƙasa, bata da ɓata, kafa da ƙafa, ya ƙara da tsatsa da tsintsiya. Ba tare da maɓallin ba, kowace kalma ta fito da ƙafarta. Da aka danna shi a mataki mafi ƙarfi, sai na ji wannan ɗan tsinkewar da ke cikin ƙ ta fara laushi, ts ta koma kamar s, muryar Alhaji ta zama kamar yana magana daga cikin randa. Na bayyana mata cewa a Hausa in ƙ ta zama k, baƙo ya tashi daga baƙo, ma'ana ta sauya. Ta sa abin kunnen da kanta, ta sa aka maimaita sau biyar, har ta fara jin bambancin. Ta ce su ma harshensu na karin sauti ne, ta san abin da ake nufi da ƙaramin bambanci mai sauya magana. Hukuncin da muka yanke tare shi ne a bar maɓallin a kashe lokacin ɗauka, in ya zama dole a sa mataki mafi sauƙi, sauran gyara a yi shi a kwamfuta inda in an ɓata za a iya komawa baya.

Sai maganar tufafi. Da alama waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori da rigar shat mai laushi suka gwada su. Alhaji kuwa shadda ce a jikinsa, sabuwa, ta sha bugu. Ko numfashi ya yi sai ka ji ƙaras-ƙaras a kunne. Irin wannan ƙarar tana cikin abubuwan da suka cinye mini rabin hirar maƙeri. Muka gwada maƙalawa da ɗan maganaɗisu ta yadda kan makirufon zai fito waje bai taɓa yadi ba, ƙarar ta ragu sosai. Muka gwada ƙaramin makirufo mai igiya da ake jonawa a jikin mai aikawa, aka lanƙwasa igiyar aka danne ta da salatif daga ciki, ya fi kowanne tsabta. A nan na gane cewa duk na'urar da ba ta da ramin jona irin wannan makirufo ba ta dace da mai ɗaukar masu babbar riga da mata masu mayafi da sarƙa ba, komai kyanta. Na iska kuwa, ta kunna fanka a fuskar Alhaji, ta sa ɗan gashin nan da ake rufa wa makirufo, ta cire, ta mayar. Wanda ya san iskar hunturu a Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba, abin dubawa kawai shi ne gashin yana kama jikin na'urar da kyau ko da an taɓa shi zai faɗi.

Ana cikin haka ta yi abin da ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. Alhaji yana magana, sai ta kashe mai karɓa gaba ɗaya. Kunnena ya ɗauke. Ta bar shi ya ci gaba har minti guda, sannan ta ciro mai aikawa daga rigarsa, ta jona a kwamfuta. Ga maganar nan duka, ko harafi bai faɗi ba, domin na'urar tana naɗar murya a cikinta ko saƙo ya isa kyamara ko bai isa ba. Da ina da wannan a zauren maƙeri, da wuraren da suka yi shiru suna nan. Ta ƙara nuna mini naɗi na bit 32, wanda ko an yi ihu ba zato murya ba ta fashewa, sai dai a sauke ta wajen tacewa. Na tuna guɗa a gidan biki, da mai wa'azi in ya ɗauki zafi, da ɗan wasa in ya tashi daga raɗa zuwa kururuwa a jimla guda. Sai dai ta gargaɗe ni cewa wannan kariya a naɗin cikin na'urar take, abin da ya shiga kyamara in ya fashe ya fashe.

Washegari muka je Nanshan don in ga hedikwatar DJI, tagwayen benaye da gada ta haɗa su can sama, waɗanda aka buɗe a 2022. Kamfanin da Frank Wang ya kafa a 2006 da jirage marasa matuƙi aka san shi, amma yanzu makirufonsa yana wuyan masu bidiyo a ko'ina. Samfurinsa na biyu, wanda ya fito a farkon 2024, yana da ma'ajiyar gigabayit 8 a cikin kowane mai aikawa da naɗin bit 32. Hollyland ma a Shenzhen yake, shi ne ya fitar da Lark M2 mai nauyin giram 9, kamar maɓallin riga. Haka Saramonic da Boya. Gaskiya dai ba su suka fara ba. Sennheiser na Jamus ya fitar da makirufo marar waya tun ƙarshen shekarun 1950, kuma Røde na Ostireliya ne ya buɗe wannan sabuwar hanya ta ƙananan na'urori da Wireless GO a 2019. Abin da mutanen Shenzhen suka yi shi ne sun karɓi abin sun yi ta sassaƙa shi, shekara bayan shekara, har ya sauko inda yaro mai ɗaukar biki a Gusau ko Maraɗi zai iya saye.

Yadda suke yin hakan na gani da idona a rana ta uku. Da na koma shagon, sai na tarar da wani saurayi yana jirana. Injiniya ne a wani ƙaramin kamfani da ke bayan gari, matar ce ta ba shi labarin shadda da haruffan Hausa, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya zo. Ya roƙi Alhaji ya sake karanta kalmomin ya naɗa, ya murza bakin rigar kusa da makirufo yana kallon zanen sautin a kwamfutarsa, ya tambayi zafin garinmu. Da na ce masa a watan Afrilu yakan haura digiri 40, sai ya rubuta, ya ce zafi irin wannan yana rage kwanan batir, kada in bar akwatin caji a cikin mota. Alhaji ya yanko masa ƙyalle daga samfurin shaddar da ke jakarsa, ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi kyautar girma. Tsakanin kunnen da ya ji matsala da hannun da zai gyara ta, tafiyar awa guda ce a jirgi. Wannan shi ne arzikin garin a ganina, ya fi dogayen benayen.

Ba komai ne zinariya a kasuwar ba. Akwai jabu, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, kuma matar da kanta ta nuna mini yadda zan duba lambar na'ura a manhajar kamfani kafin in biya. Ta kuma faɗa mini abin da ba kowane mai sayarwa zai faɗa ba, cewa in babban fim zan yi, mai 'yan wasa da yawa suna shiga ɗaki suna fita, to waɗannan ƙananan ba za su maye gurbin na zangon UHF ba, irin na Sennheiser da Sony, masu igiyar da ta kai kusan rabin mita, wadda ta fi jure jiki da bango, ga batir da ake cirewa a sa wani nan take. Ga mai aiki inda wuta ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba za su kuma maye gurbin dogon makirufo na sanda ba, balle mutumin da aikinsa kawai ya sa abin kunne ya saurara tun daga farkon ɗauka har ƙarshe.

Daren ƙarshe matar ta bar mini na'urar da na zaɓa na tafi da ita masauki, na kunna ta na bar ta har batir ya mutu ina duba agogo, ya kai kusa da abin da aka rubuta. Muka ci taliyar hannu da naman sa a shagon wasu Musulmi 'yan ƙabilar Hui masu fararen huluna, muka yi sallah a babban masallacin garin da ke Meilin. Da safe na biya kuɗin saiti guda mai masu aikawa biyu, mai naɗi a ciki, mai ramin jona makirufo na igiya, na ƙara da ƙananan makirufo biyu da gashin iska na ajiya da abin kunne mai kyau. Na sa su a jakar hannu, tunda ba a son batura a cikin kayan da ake aunawa.

Ina roƙon 'yan'uwana masu sayar da waɗannan kaya a Farm Centre da Beirut su ajiye abin kunne guda a shago, su bar mai saye ya maƙala, ya juya baya, ya yi tafiya, ya faɗi baki da baƙi kafin ya biya. Ni kuma ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma ƙauyen nan. Ƙanin marigayi maƙerin yana raye, ya haura tamanin, kuma ya yarda ya zauna da ni a zauren.